Tsugune ta ƙare: nazarin gwiwar wata mai waakye a Aboabo

Wata huɗu bayan an yi mata aikin sa gwiwar ƙarfe a ƙafar dama, Mma ta shigo ɗakin gashi da ƙafarta, ba sanda, ba mai riƙe ta. Na kwantar da ita na auna, gwiwa ta miƙe sambal, ta kuma lanƙwashe digiri 110. Ɗinki ya warke, kumburi ya sabe, hoton ƙashi ya nuna ƙarfe ya zauna daram. Na ɗauko takardar tambayoyin da muke cikewa, na karanta mata ɗaya bayan ɗaya da Hausa, har na zo ta ƙarshe: shin kin gamsu da aikin da aka yi miki?

Ta gyara mayafi, ta daɗe tana kallon tabon. Ta ce, "'Yata, ciwo dai ya tafi, alhamdu lillahi. Amma da na san haka abin yake, da ban yarda ba."

Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a Kumasi, kuma 'yar zango. Ba zan kama sunanta ba, ba zan kama sunan asibitin da aka yi aikin ko likitan da ya yi ba. Mma nake ce mata, kamar yadda duk layinsu ke ce mata.

Shekarunta 63, mace ce mai jiki, tana da hawan jini amma ba ta da sukari. Ta fi shekara talatin tana sayar da waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, a unguwar Aboabo. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka zama ne a gaban tukunya ana karɓar kuɗi. Mma kan tashi tun ƙarfe uku na dare, ta tsuguna ta hura gawayi, ta wanke shinkafa da wake a durƙushe, ta jefa karan dafi don launi, ta zauna kan kujera 'yar tsuguno tana juya shito, wato yajin da ake soyawa da mai, har hayaƙi ya sa ta hawaye. Duk abin da ke gidan a ƙasa yake: murhu, turmi, bahon wanki, tabarmar hira, har bayan gida na tsuguno ne, gidan haya mai ɗakuna da yawa. Sau biyu a mako ta shiga kasuwar Kejetia sayayya, ta dawo da kaya a ka. Gwiwar da ta yi wannan bauta ba ta bin kowa bashi.

Ciwon ya fara ne da ƙara, ƙas-ƙas idan za ta miƙe. Sai tauri da safe na 'yan mintuna, sai zafi idan ta yi tafiya, daga baya har cikin dare ya hana ta barci. Ƙafar ta fara lanƙwashewa kamar baka. Wannan shi ne amosanin gwiwa na zaizayewa, wanda mutanenmu ke haɗa shi da sauran ciwon gaɓɓai su ce sanyin ƙashi. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin cinya da na ƙwauri, mai santsi kamar na kan ƙashin kaza, shi ne ke cinyewa a hankali har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Shekaru, nauyin jiki, tsohon rauni da aikin durƙuso duk suna sa hannu, kuma ya fi kama mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a gaɓɓai daban-daban, miliyan 365 daga ciki a gwiwa. Likitoci na raba tsananinsa a hoton ƙashi zuwa mataki huɗu, bisa tsarin da Kellgren da Lawrence suka fitar a 1957. Gwiwar Mma ta dama tana mataki na huɗu, ta hagu tana na uku.

Kafin ta zo asibiti ta bi hanyar da kowa ke bi. Man kaɗanya da man zafi, gashi da ruwan ɗumi, mai ɗori (wanda, a yaba masa, ya ce mata ba karaya ba ce, ba aikinsa ba ne), jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a mota. Abin da ya riƙe ta shekaru shi ne diklofenak, maganin kashe zafi, daga kemis, safe da yamma, wani lokaci ba ta ci komai ba. Shi ne kuma ya kai ta asibiti, don cikinta ya fara ƙuna, likita ya ce idan ta ci gaba gyambon ciki da ƙoda suna jiran ta. Da aka raba ta da maganin sai gwiwa ta nuna ainihin halinta. Ɗanta da ke Bronx a Amurka ya ce a yi aikin, shi zai biya, tun da katin inshorar lafiya ba ya ɗaukar kuɗin ƙarfen da ake sawa. Wani ƙanenta ya kawo shawarar Indiya, aka lissafa jirgi da masauki da mai jinya, aka ce a yi a gida.

Aikin kansa ba abin da za a ce. An yi mata allurar baya, aka yanke saman ƙasusuwan da suka lalace, aka ɗora ƙarfe a kan na cinya da na ƙwauri da simintin ƙashi, aka sa roba mai tauri a tsakani. Irin wannan gwiwa ta samo asali ne daga wadda John Insall da abokan aikinsa suka fara sawa a Niyok a shekarun 1970, kuma ta yi suna wajen ƙarko. Masu bincike na Jami'ar Bristol a Ingila sun nuna a 2019 cewa kusan 82 cikin 100 na kaiwa shekara 25. Washegari muka tsayar da Mma da ƙarfen dogarawa. Ba ta yi zazzaɓi ba, ciwon bai yi ruwa ba, jini bai daskare a ƙafa ba. Kwana biyar aka sallame ta.

Makonni shida na farko ne suka so su ɓata mana aiki. A zango ba a barin mara lafiya ya motsa. Masu dubiya suka cika ɗaki, kowa na cewa sannu, kwanta, kada ki wahalar da ƙafar. Aka cusa mata filo ƙarƙashin gwiwa don ta ji daɗi, wanda shi ne abin da muke hanawa, domin gwiwa na saba da lanƙwasa ta ƙi miƙewa. Hawa pragya, wato keke mai ƙafa uku, zuwa asibiti azaba ne, ramukan hanya na buga ƙafar, sai ta tsallake zuwa uku. Da ta dawo a mako na shida, da ƙyar ta kai digiri 85. Likita ya ce idan ba ta wuce 90 ba kafin wata uku, sai an sa ta barci an lanƙwasa da hannu. Wannan ya tsorata ta fiye da duk wa'azina. Na fara biyawa gidan bayan na tashi aiki, na koya wa 'yarta yadda za ta zaunar da ita bakin gado ta tura ƙafar baya da lafiyayyar, aka cire filo, aka koma sa ƙanƙara a tawul maimakon ruwan zafi. Ta yi kuka, ta zage ni cikin wasa, amma ta yi.

Shi ya sa amsarta a wata na huɗu ta dake ni. A lissafinmu mun ci nasara.

Takardar da nake cike mata ita ce ma'aunin gwiwa na Oksfod, wanda aka fitar a 1998. Tambaya 12 ce, kowace da maki daga sifili zuwa huɗu, jimla 48. Ana tambayar zafi, barcin dare, ɗingishi, wanka, shiga mota, sauka daga bene, cefane, tashi daga kujera bayan cin abinci. Kafin aiki Mma ta samu 15, a wata na huɗu ta samu 37. Duk wanda ya ga wannan tsalle zai ce madalla. Amma a cikin tambayoyin goma sha biyu, ɗaya tak ce ke maganar durƙusawa da tashi, maki huɗu ke nan cikin 48. Waɗanda suka tsara ta sun yi wa mutanen da ke ci a tebur, su yi bayan gida a zaune, su durƙusa sai in za su gyara lambu. Mma kuwa a farilla kawai tana da raka'a 17 a yini, sujada 34, ban da nafila, ban da zaman wazifa da ba ta fashi. Abin da takarda ta ba maki huɗu shi ne rabin rayuwarta, kuma a nan ta samu sifili.

Na ajiye biro na ce, "Mma, me aka ce miki kafin aikin?"

Ta ce, "An ce zan koma garau kamar da. Na tambaya da bakina, na ce zan yi salla? Aka ce zan yi."

Na bi diddigin maganar wajen 'yarta, wadda ita ce ta yi tafinta ranar. Likita ya yi bayani da Turanci yana haɗawa da Asantanci. Mma na jin Asantancin kasuwa sarai, amma ba na guringuntsi da digiri ba. Abin da ya ce shi ne zafi zai ragu sosai, za ta yi tafiya, za ta koma ayyukan yau da kullum. 'Yar, wadda ta ga tsoro a idon uwarta kuma ta san ɗan'uwanta ya riga ya turo kuɗi, ta dunƙule ta ce, "Mma, ya ce za ki koma kamar da." Da Mma ta tambayi salla, 'yar ta juya da kalmar Turancin da ke ɗaukar addu'a da salla duka. Likita ya ce sosai ma. Wataƙila a ransa yana ganin tsofaffin da ke salla a kujera, wataƙila addu'a kawai ya ji. Mma kuwa goshi a ƙasa ta ji. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan, kuma da wannan amsa ta sa hannu.

Nawa laifin ya fi na kowa. Ni na gan ta mako guda kafin aikin, na koya mata riƙe sanda da ɗaga ƙafa. Hausa muka yi daga farko har ƙarshe. Ni ma sau biyar nake kai goshina ƙasa, amma ban tambaye ta yadda take salla ba, ban tambayi irin bayan gidansu ba, don ba sa cikin takardar da aka ba ni.

Da na tambaya, da na faɗa mata lissafin da kowane mai gashi ya sani. Tafiya a fili na buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 65, hawa bene kusan 90, tashi daga kujera sama da haka kaɗan. Tsuguno sosai da zaman tahiya, inda mutum ke ɗora mazaunai kan diddige, suna neman 150 ko fiye. Gwiwar ƙarfe kuwa yawanci tana tsayawa tsakanin 110 da 125. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wanda gwiwarsa ta sandare kafin aiki yakan samu ƙari, wanda tasa ke lanƙwashewa sosai yakan rasa kaɗan. Mma tana kai 130 kafin aiki. Da zafi, da cije leɓe, da dafa bango, amma tana sauka ƙasa. Ta ba da gwiwa mai ciwo da ke sujada, ta karɓi mara ciwo da ba ta yi. Ko cinikin ya yi riba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba ita kaɗai ba ce. An daɗe da sanin cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya gamsuwa bayan canjin gwiwa, ko a ƙasashen da ba a rasa kayan aiki. Wani bincike da Robert Bourne da abokansa suka wallafa a 2010, kan mutum 1,703 a lardin Ontariyo na Kanada, ya samu kusan 19 cikin 100 ba su gamsu ba. Da suka duba dalilai, wanda ya fi kowane nauyi shi ne rashin samun abin da mutum ya sa rai, ya ninka haɗarin rashin gamsuwa kusan sau goma, ya wuce har matsalar da ke sa a sake kwantar da mutum a asibiti. A ganina wannan ya fi tsanani a zango, domin a wurinmu tazarar da ke tsakanin abin da ƙarfe ke iyawa da abin da rayuwa ke nema ta fi faɗi.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ƙara mata damuwa, waɗanda minti biyar na bayani ya kashe su. Tana jin ƙyas-ƙyas idan tana tafiya, ta ɗauka ƙarfe ya kwance, alhali ƙarfe ne ke taɓa roba. Gefen tabon ta waje ya mutu, ba ta jin taɓi, ta ɗauka shanyewa ce ke tafe, alhali wata siririyar jijiyar fata ce da yankan ke bi ta kanta, kuma wurin yakan ragu da lokaci. Gwiwar na ɗumi da yamma, wata maƙwabciya ta ce mata jiki ne ke ƙin ƙarfe. Ɗumi da ɗan kumburi na iya kai watanni. Abin tsoro shi ne ja, zazzaɓi, ruwa daga tabo, ko zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kuma ba ta da ko ɗaya.

Maganar salla ce ba ta kasu da bayani ba. 'Yarta ta kai ta wurin malamin unguwa. Ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, sahabin da basur ya dame shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ya ce mata ta tsaya inda za ta iya tsayawa, ta yi ruku'u, wurin sujada ta zauna ta yi nuni, ladanta cikakke ne. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Malam, hukuncin na san shi tun ina makarantar allo. Ni ba hukunci nake kuka ba, kewa nake." Ta ce ranar Juma'a an ajiye mata kujerar roba a ƙarshen sahu, tana kallon bayan ƙawayenta suna sauka suna tashi, ita tana sama kamar baƙuwar da aka gayyato biki.

A nan na koma wurin likita. Na tambaye shi ko ya hana ta durƙusawa. Ya ce bai hana ba, babu wata hujja da ta nuna durƙusawa kan abu mai laushi na lalata ƙarfen bayan rauni ya warke, yawancin masu gwiwar suna gudunsa ne don tsoro da rashin daɗin tabo. Abin da bai so shi ne a danne gwiwar da ƙarfi a ce sai ta kai zaman diddige. Mma kuwa tun asibiti wata mai jinya ta ce mata kada ta kuskura gwiwar ta taɓa ƙasa, ta riƙe wannan kamar aya.

Muka fara daga sama. Makon farko tana tsaye ta ɗora gwiwar kan katifar gado, ta ƙirga goma. Tana murza tabon da man kaɗanya kullum don ya saba da taɓi. Daga gado muka koma kushin na kujera, daga nan filo biyu a ƙasa kusa da benci mai ƙarfi, nauyi a kan ƙwauri ƙasa da ƙoƙon gwiwa kaɗan, ba a kan ƙoƙon ba. Sauka ba ta kai tashi wuya ba, don haka rabin aikin ƙarfafa cinya ne: zauna, tashi, zauna, tashi, har ta ce na mai da ita 'yar firamare. Aka ɗinka mata darduma mai soso a ciki a unguwar Alabar.

A wata na tara, ina tsaye a bayanta, ta dafa benci, ta sauke gwiwar hagu, ta biyo da ta dama, ta miƙa hannuwa gaba, ta sa goshi. Ban ƙirga daƙiƙa ba. Da ta ɗago, dardumar ta jiƙe. Ba ta iya zama tsakanin sujada biyu yadda ta saba ba, ta karkata kan cinyar hagu ta miƙe ƙafar dama gefe, tashi kuma sai da na kama ta. Tun daga ranar tsarinta ya zama biyu: a masallaci da farillan rana kujera, da dare kuma, in gida ya yi shiru, raka'a biyu a ƙasa kusa da benci.

Sauran gyaran na kafinta da birkila ne. Aka ɗora murhu kan bulo, aka yi mata benci mai tsayi, 'ya'ya suka karɓi wanke-wanken ƙasa ita ta riƙe awo da ɗanɗano. Ɗan nata ya sake turo kuɗi, da yardar mai gida aka sa bayan gida na zama a lungu ɗaya. Wannan kaɗai ya sauya mata fuska fiye da digiri goman da na yi wata biyu ina nema, domin ashe tun da aka sallame ta daga asibiti take rage cin abinci da shan ruwa don gudun shiga bayi, ba ta faɗa wa kowa ba.

Da shekara ta cika, gwiwar na kai digiri 118, makinta 42. Tana zuwa Kejetia, ko da yake yanzu yarinya ke ɗaukar kayan. Barci take har asuba. Na sake yi mata tambayar. Ta yi dariya ta ce, "Mutane na cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ni tawa ta ƙare ƙaf. Rubuta na gamsu, amma ki rubuta da ƙaramin baƙi." Babu gurbin wannan a takardar, sai na rubuta a gefe.

Ranar ce kuma likita ya ɗaga sabon hoton gwiwar hagu. Ta gangaro mataki na huɗu, ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi ta ciki. Ya ce lokaci ya yi da za a fara tunanin ta biyun. Wannan karon ni na yi tafinta, kuma kafin ya gama Mma ta ɗaga hannu. Ta ce in tambaye shi, in an yi ta hagun, da wace ƙafa za ta fara sauka ƙasa? Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya saukar za ta ƙara wuya, wasu na iyawa da gwiwa biyu na ƙarfe, wasu ba sa iyawa, ba zai yi mata alkawari ba. Na juya mata kalma da kalma, ban rage ba, ban sa zuma ba.

Ta ce, "To Dokta, na gode da ka faɗa. Wannan a bar mini ita tukuna."

Ya rubuta mata farasitamol da man shafawa, ya ja kunnenta kan diklofenak, ya ce kowane kilo ɗaya da ta sauke yana rage wa gwiwar kusan kilo huɗu a duk taku. Ta ce mai sayar da waakye ake ce wa ta rame. Aka ba ta wata shida ta dawo a sake hoto, ko kafin nan in zafin ya fara tashinta da dare.